Gona da Rajista: Gidajen Koya wa Yara Noma da Abin da Takardunsu Suka Riƙe, Daga Zungeru Zuwa Hanyar Batsari

Gabatarwa

Duk wanda ya fita daga birnin Katsina ta Ƙofar 'Yandaka ya kama hanyar Batsari, ba zai yi nisa ba zai wuce Babbar Ruga. Yawancin matafiya ba su san wurin da kome ba sai asibitin kutare. Amma ga mai nazarin tarihi, nan ne wuri mafi kusa da ƙasar Ruma da ta Safana inda En'e da Turawan Mishan suka haɗa hannu suka riƙe yaran da ba sa gaban iyayensu, suka ciyar da su, suka kuma danƙa masu fartanya da sunan tarbiyya. Maƙasudin wannan takarda shi ne mu bi sawun irin waɗannan gidaje a Nijeriya ta Arewa, watau gidajen da ake ajiye yara maza marasa mai riƙo a koya masu noma, sa'an nan mu duba irin takardun da suka bari. Abin da muke son mahalarta wannan taro su lura da shi shi ne, takardun nan sun kiyaye lissafin gona da na Baitulmali da kyau ƙwarai, amma sun yi sakaci da abin da yaron zai fi bukata in ya girma, watau asalinsa: ɗan wane ne, daga wane ƙauye aka ɗauko shi, kuma wa ya ba da izinin ɗaukarsa.

Riƙon yaro kafin zuwan Turawa

Bahaushe bai jira Bature ya gaya masa cewa a gona yaro ke tashi ba. A tsarin gandu, uba da 'ya'yansa maza suna noma gona ɗaya su ci daga rumbu ɗaya, kowane saurayi kuma yana da gayaunarsa da yake nomawa bayan an tashi daga aikin gandu. Polly Hill ta yi bayanin wannan tsari dalla-dalla a littafinta na 1972, kuma abin sha'awa, a Batagarawa ta yi binciken, watau ƙasar da Babbar Ruga take ciki. In uba ya rasu, baffa ko wa ya ɗauki yaro ya sa shi cikin gandunsa. Akwai kuma riƙo da tallafi, inda ake ba goggo ko kaka ko wadda ba ta haihu ba yaro tun bayan yaye, kamar yadda Baba ta Karo ta bai wa Mary Smith labari a littafin da ya fito a 1954. Almajiri ma da damina gonar malaminsa yake nomawa.

Ba muna cewa duk yaran nan daɗi suke ji ba. Kowa ya san abin da agola da ɗan riƙo kan gani a wasu gidaje. Abin da muke nufi shi ne, ko an ƙuntata wa maraya, duk ƙauye ya san ɗan wane ne, ya san gonar ubansa, kuma in rigimar gado ta tashi akwai dattawan da za su tsaya gaban alƙali su ba da shaida. Shari'a a mazhabar Malikiyya ta tanadi wanda zai yi reno da wanda zai tsare dukiyar maraya har ya yi hankali. Rajistar yaro ke nan, tana cikin kawunan mutane.

Yaro ɗaya ne wannan rajista ba ta rufe shi ba, shi ne wanda aka kamo. A ƙarni na sha tara ƙasar Ruma bakin iyaka ce. Bayan jihadi, sarakunan Katsina na Haɓe sun koma Maraɗi, Gobirawa kuma suka zauna Tsibiri, aka yi ta kai wa juna hari ta cikin dazuzzukan yamma, inda Dajin Rugu yake. Yusufu Bala Usman ya nuna muhimmancin wannan yanki a littafinsa na tarihin Katsina na 1981, kuma har yanzu Rumawa suna tuna jarumai irin su Ɗanwaire. Yaron da aka kama a irin wannan hari a rinji yake ƙarewa, a sake masa suna, a kira shi Nasamu ko Allah-bar-sarki, ya koyi noma a gonar ubangijinsa. Ya kamata mu riƙe wannan hoto a zuci, domin gidajen da za mu yi magana a kansu, ko da yake da niyyar ceto aka kafa su, sun gāji abu biyu daga rinji ba tare da sun nufa ba: aikin gona na dole da sakin suna.

Inda dabarar ta fito

Tunanin cewa gona tana gyara yaron da ya rasa gata daga Turai ya zo. A Faransa an buɗe gidan Mettray kusa da birnin Tours a 1840, aka riƙa ajiye yaran da kotu ta tsare a ƙananan gidaje ana sa su noma. A Ingila wata ƙungiyar agaji ta kwaikwayi wannan ta buɗe makarantar gona a Redhill a 1849. Daga nan ƙungiyoyi irin ta Dokta Barnardo suka ɗauki dabarar suka ƙara mata wani abu, watau a koya wa yaron birni noma sa'an nan a sa shi a jirgin ruwa. Tsakanin 1869 da shekarun 1930 an kai yara kimanin 100,000 Kanada, mafi yawa aikin gona, Kingsley Fairbridge kuma ya kafa makarantar gona a Pinjarra ta Ostareliya gab da Yaƙin Duniya na Farko. Jami'an mulki da 'yan Mishan da suka zo ƙasarmu a cikin wannan tunani suka tashi. A wurinsu gona magani ce ga zaman banza, kuma hanya ce ta rage kuɗin ciyarwa, tun da yaro zai noma abin da zai ci. Wannan dalili na biyu shi ne wanda ba a cika faɗa a bainar jama'a ba, amma shi ya fi fitowa a takardun kuɗi.

Gidajen 'yantattun bayi

Ƙofa ta farko da dabarar ta shigo ta ita ce ta bauta. Dokar Gwamna Lugga ta 1901 ta haramta farautar bayi da cinikinsu, ta kuma ce duk yaron da aka haifa daga 1 ga Afrilu na wannan shekara ɗa ne. Sai sojoji da Razdan-Razdan suka riƙa ƙwace yara daga hannun fatake, aka rasa yadda za a yi da su, domin da yawa ƙanana ne, ba su san sunan garinsu ba. Saboda haka gwamnati ta buɗe gidan 'yantattun bayi a Zungeru, hedkwatarta ta lokacin, wanda ya kankama a 1904, da wani kuma a Borno. A Zungeru 'yan mata suna koyon ɗinki da wanki, maza kuma noma da 'yan sana'o'i, daga nan a rarraba su, wasu aikin boyi a gidajen Turawa, wasu ma'aikatar ayyuka. Mace-mace sun yi yawa, domin yaran a galabaice ake kawo su. Da gwamnati ta ga nauyin ya yi mata yawa, sai a 1909 ta miƙa yaran Zungeru ga Mishan ɗin SUM, wanda ya gina gida a Rumasha kusa da kogin Binuwai, ya sa masa sunan Lucy, matar Karl Kumm, wadda ta rasu a 1906. Daga baya aka mai da gidan Wukari, aka rufe shi a 1925. G. O. Olusanya ne ya fara jawo hankalin masana ga waɗannan gidaje a wata maƙala ta 1966, inda ya ce ɓangare ne na tarihin Arewa da ba a sani ba.

Galibin yaran Zungeru da Rumasha daga wajen Adamawa da Binuwai da ƙasar Kamaru aka fito da su. A masarautu irin ta Katsina, abin da aka fi yi shi ne kotu ta 'yanta yaro ta danƙa shi ga wani magidanci ya riƙe. Duk da haka gidajen nan sun shafe mu, domin a nan aka tsara irin rajistar da za a yi ta amfani da ita daga baya. Rajistar 'yantattun bayi, wadda Lovejoy da Hogendorn suka yi aiki da ita a littafinsu na 1993, tana da gurbin suna, da jinsi, da shekaru, da ƙabila, da inda aka 'yanta mutum, da yadda aka yi da shi. A duba da kyau. Shekaru kintace ne na wanda ya kalli yaron. Ƙabila abin da tafinta ya faɗa ne. Wurin da aka rubuta kuwa inda aka ƙwato yaron ne, ba lalle inda aka haife shi ba. Watau rajistar tana fara tarihin yaro daga ranar da hukuma ta gan shi, kamar dai kafin wannan rana bai taɓa zama ɗan kowa ba.

Babbar Ruga

Ƙofa ta biyu ita ce ta kuturta, kuma ita ce ta kawo maganar har bakin ƙasar Ruma. Tun da daɗewa an hana Mishan yin wa'azi a cikin masarautun Musulmi. To amma a shekarun 1930 gwamnati ta ga cutar ta yi yawa, likitocinta kuwa ba su isa ba. Ƙungiyar yaƙi da kuturta ta daular Ingila, wadda aka kafa a 1924, ta ba da shawarar a ba Mishan zangunan kutare na larduna. A 1937 zuwa 1938 aka danƙa wa Mishan ɗin SIM na Kano da na Sakkwato da na Katsina, watau waɗanda aka sani da Yadakunya da Amanawa da Babbar Ruga. Albert Helser, wanda ya yi irin wannan aiki a Garkiɗa, yana cikin waɗanda suka jagoranci shirin. A Katsina an yi wannan ne a zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, kuma Shobana Shankar ta nuna a rubuce-rubucenta cewa sarakuna ba 'yan kallo ba ne a cikin al'amarin, sun ɗauke shi a kan aikin raya ƙasa, Baitulmalinsu kuma yana ba da kuɗi.

Tun da zangon na lardi ne, daga dukan gundumomi ake turo marasa lafiya, kuma gundumomin yamma su ne a bakin hanyarsa. Maganin zamanin allurar man wani itacen Indiya ce da ake kira calmugura, mai zafi, mai ɗaukar shekaru, ba ta kuma da tabbas. Don haka wanda ya shiga zango ya san zama ya kama shi. An tsara wurin kamar ƙauye, duk mai sauran ƙarfi a ba shi gona, domin zangon ya riƙa ciyar da kansa. Noma a nan abu uku ne a haɗe, abinci ne, horo ne, likitoci kuma suna ɗaukarsa motsa jiki.

Yara iri biyu ne a zango. Akwai waɗanda su kansu suka kamu, aka kawo su su kaɗai, iyaye suka koma gida. Akwai kuma lafiyayyun 'ya'yan da aka haifa a ciki. Tun 1873 Hansen ya gano cewa ƙwayar cuta ce ke kawo kuturta, ba gadonta ake yi ba, sai likitoci suka yanke cewa hanyar ceton jariri ita ce a raba shi da uwarsa a kai shi gidan reno. Yau mun san cewa mafi yawan mutane, kimanin 95 cikin 100, jikinsu ba ya karɓar cutar ko sun zauna da mai ita, kuma wanda ya fara shan maganin zamani ba ya yaɗa ta. Amma ba za mu hukunta mutanen 1940 da sanin da ya zo daga baya ba. Abin da za mu tambaya shi ne, da aka raba su, me aka rubuta?

Yaron da ya tashi a gidan reno ba shi da gandun da zai shiga. Dangin uba sau da yawa suna gudunsa saboda tsangwamar da ake yi wa cutar. Mishan ya zama uwa da uba. In ya isa karatu sai a sa shi makarantar zango, ko a tura shi makarantar kwana ta yara maza irin ta Roni a ƙasar Kazaure, inda ake haɗa karatun boko da na Littafi Mai Tsarki da aikin gona. A hayin iyaka ma haka SIM ta yi, tana da makarantar noma a Maza Tsaye gefen Maraɗi, da zangon kutare a Danja, kudu da Maraɗi. (Mai bincike ya yi hattara kada ya rikita wannan Danja da ta kudancin Katsina.) Lokacin kuwa ya zo daidai da yayin noma da shanu, wanda ma'aikatar gona ta fara gwadawa a Arewa a 1928. Saurayin da ya iya garmar shanu, ya iya karatu, ya kuma iya ba da magani, shi ne irin mutumin da Mishan yake so ya zaunar a ƙauye, ya ciyar da kansa yana wa'azi.

A nan rigima ta taso. Sarakuna da malamai sun ga cewa ana amfani da jinya ana juya 'ya'yan Musulmi, har hukuma ta kafa sharaɗin kada a koya wa yaron Musulmi da bai kai shekara 18 ba addinin Kirista sai da yardar iyaye. To amma wane ne uban yaron da ke gidan reno? In uwa tana kwance a zango, uba ya rasu ko ya yi nisa, wa zai yarda, wa zai ƙi? Wannan gardama ta cika fayil-fayil tsakanin Razdan da Di'o da shugabannin Mishan, kuma ita ta sa muke da takardu masu yawa a kan yaran a dunƙule, amma kaɗan a kan kowane yaro shi kaɗai. Wasu daga cikin yaran sun girma sun zama malaman makaranta da malaman asibiti da masu bishara na ikilisiyar ECWA, wadda ta tsaya da ƙafarta a 1954, kuma zuriyarsu suna tuna Mishan da alheri. Wasu sun koma ga dangi da Musulunci. Ba aikin wannan takarda ba ne ta zaɓi ɓangare. Kowane daga cikinsu dai yana da haƙƙin sanin sunan da aka raɗa masa ranar suna.

Magani ne ya kashe tsarin zango. A ƙarshen shekarun 1940 Dokta John Lowe ya tabbatar a Uzuakoli, can gabashin Nijeriya, cewa ƙwayar dafson ta haɗiya tana warkarwa kuma tana da araha. A shekarun 1950 aka fara raba ta a ɗakunan shan magani na ƙauyuka, majinyaci ya zo mako-mako ya koma gonarsa. A shekarun 1970 gwamnatocin jihohi suka karɓe asibitocin Mishan, a 1981 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta kawo tsarin haɗa magunguna. Dalilin raba uwa da ɗa ya faɗi. Sai dai a duk lokacin da gida ya sauya mai shi, takardu ne ke fara shan wahala, wasu a ɗauke su a tafi da su, wasu a bar wa gara a sito.

Yaran da kotu ta tsare

Ƙofa ta uku ba za mu daɗe a kanta ba, domin a birane ta fi aiki. A 1925 ƙungiyar Salvation Army ta buɗe gidan horon yara a Yaba ta Ikko, gwamnati ta buɗe nata a Inugu a farkon shekarun 1930, En'e ta Kano ma ta yi nata. An kafa dokar yara da matasa a Ikko a 1943, Jihar Arewa ta yi tata a 1958, aka buɗe gidan Bostal na Kakuri a Kaduna a 1962. Noma da lambu suna cikin manhajar irin waɗannan gidaje, tare da kafinta da ɗinki. Ya kamata a bambanta su da cibiyoyin horar da manoma irin ta Kafin Soli a ƙasar Kankiya, domin masu zuwa can 'ya'yan manoma ne da iyayensu suka sani, kuma gida suke komawa. A zamanin Jihar Katsina an ajiye gidan gyaran hali a Babbar Ruga, watau wurin ya sake karɓar 'ya'yan mutane ta wata ƙofar.

Ina takardun suke?

Bari mu ɗauki misali na ƙage don mu ga wahalar. A ce an haifi yaro a wani ƙauyen Ruma a 1941, aka raɗa masa Audu, aka kai uwarsa Babbar Ruga yana goye. Jikansa yau yana so ya san ƙauyen. Ina zai nufa?

Zai fara da Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, reshen hukumar da Kenneth Dike ya assasa a 1954. Nan zai ci karo da matsalar farko. Katsina tana cikin Lardin Kano har 1926, aka mai da ita Lardin Zariya, sai a 1934 ta zama lardi mai zaman kanta, saboda haka takardunta sun rarrabu kashi uku, ban da na ofishin sakataren Lardunan Arewa. Matsala ta biyu ita ce sunaye. Tsofaffin takardu "Katsena" suke rubutawa, kuma gundumomi da yawa da sunan sarauta ake kiransu, kamar Durɓi da Ƙaura da 'Yandaka da Galadima. Wanda ya nemi "Batsari" zai iya komawa hannu rabbana, alhali abin da yake nema yana ƙarƙashin "Ruma", tun da Hakimin Batsari shi ne Sarkin Ruma, kamar yadda na Safana yake Yariman Katsina. Ƙananan hukumomin da muka sani yau duk bayan gyaran 1976 aka yi su, jihar kanta kuma a 1987.

In ya samu fayil ɗin, me zai gani? Rahoton shekara-shekara na lardi da na likita irin abu ɗaya suke bayarwa: adadin waɗanda aka karɓa, da waɗanda aka sallama, da waɗanda suka gudu, da waɗanda suka rasu, da eka nawa aka noma, da abin da aka kashe a kan kowane kai. Akawun Baitulmali ba ya yarda a ɓatar da sisi ba bayani, don haka bijimin garma yana iya samun layinsa a littafin kuɗi, ranar saye da ranar mutuwa, Audu kuwa yana cikin jimlar "yara". Ba mugunta ce ta kawo haka ba. Kowace takarda tana amsa tambayar wanda za a kai wa ita ne, kuma mai binciken kuɗi ba ya tambayar sunan uwa.

Takardun Mishan sun fi kusantar yaro. Akwai littafin tasha da ake rubuta abin da ya faru kullum, da wasiƙun da ake aika wa masu ba da gudummawa a Amurka da Kanada, da hotuna, da rajistar baftisma. Amma manyan takardun SIM suna ma'adanarta a Fort Mill, jihar Karolina ta Kudu a Amurka, na SUM reshen Ingila suna Jami'ar Edinbara, wasiƙun gwamna zuwa Landan kuma suna Kew. Jikan Audu da ke Batsari ko Malumfashi ba shi da kuɗin jirgi. Ko ya je, wasiƙun an rubuta su ne don su motsa zuciyar mai bayarwa, sai a ba da labarin yaro da sunan yanka kawai, ko da sabon sunan da ya ɗauka. In Audu ya zama Bulus a 1955, aka kuma rubuta shi "Bulus Katsina" a makaranta, igiyar da ta ɗaure shi da ƙauyensa ta tsinke a takarda, sai fa in wani ya rubuta sunayen biyu a layi ɗaya.

A ganinmu akwai taskoki biyu da masana ba su ba su haƙƙinsu ba a wannan fanni. Ta farko ita ce littattafan kotunan alƙalai, na Larabci da na Ajami, inda ake rubuta rabon gado da naɗa mai tsaron dukiyar maraya. A nan ne kaɗai ake tilasta wa marubuci ya jera sunan mamaci da na 'ya'yansa da ƙauyensu, domin hukuncin ba ya inganta sai da su. Ta biyu ita ce littattafan haraji na dagatai da hakimai, masu jera magidanta unguwa-unguwa. Wanda ya haɗa waɗannan da rajistar karɓar majinyata, inda ta tsira, zai iya mayar da wasu yara gidajensu ko da a takarda ne. Wannan aiki ne da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina da Gidan Arewa na Kaduna da kwalejojinmu na ilimi za su iya yi, kuma ɗalibanmu masu karanta Ajami sun fi kowane baƙon masani dacewa da shi.

Kada a ce wannan son sani ne kawai na malaman tarihi. A Ingila wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, Margaret Humphreys, ta kafa ƙungiya a 1987 bayan ta gano cewa da yawa daga yaran da aka kai Ostareliya an gaya masu iyayensu sun mutu alhali suna raye. Abin da ya haɗa tsofaffin nan da danginsu shi ne 'yan takardun da suka rage a fayil. Firayim Ministan Ostareliya, Kevin Rudd, ya nemi gafararsu a Nuwamba 2009, na Birtaniya, Gordon Brown, ya yi haka a Fabrairu 2010, amma da yawa sun samu fayil ɗinsu ne bayan uwar ta rasu.

Mu kuwa namu lokacin ya fi ƙurewa. Wanda aka haifa a gidan reno a 1941 ya haura tamanin. Rajistar da muka ce tana cikin kawunan dattawan ƙauye ita ma tana watsewa, domin hare-haren 'yan bindiga daga Dajin Rugu sun tashi ƙauyuka da dama a Batsari da Safana, aka ƙone gidaje da abin da ke cikinsu, mutane suka bazu zuwa Batsari da Dutsin-Ma da Katsina da hayin Nijar. A dare ɗaya na Fabrairu 2020 an kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar. Kowane hari yana barin marayu, a lokacin da baffan da zai ɗauke su shi ma gudun hijira yake, ba shi da gandun da zai sa su. Yunwar Kakalaba ta 1914 da ta 'Yar Buhu ta 1927 sun raba yara da iyaye, amma ƙauyukan sun tsaya, an dawo an same su. Wannan karon ƙauyen ne kansa ke tashi.

Saboda haka ba mamaki a ji ana kiran a gina gidajen marayu da cibiyoyin koya wa matasa noma, kuma ba mu ƙi ba. Amma mun ga abin da ya fito fili a 2019, sa'ad da 'yan sanda suka buɗe gidajen mari a Rigasa ta Kaduna da Daura da cikin Katsina, aka fito da mutane ɗaruruwa, yara da manya, hukuma ta shiga cigiyar danginsu. Dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 da dokar kare yara da Jihar Katsina ta yi a 2020 sun ba gwamnati ikon sa ido a kan duk gidan da ke riƙe yara. Abin da za mu roƙa, bisa abin da Zungeru da Babbar Ruga suka nuna, shi ne kada a karɓi yaro sai an rubuta sunansa na yanka da laƙabinsa, da sunan uba da kaka, da sunan uwa da gidan da ta fito, da ƙauye da unguwa da dagacin da ke riƙe da su ko da ƙauyen ya tashi, da gonar da uban ya bari da makwabtanta, da sunan wanda ya kawo shi da dangantakarsu. A yi kwafi uku, ɗaya a gidan, ɗaya a kotun yankin, ɗaya a ofishin hakimi, a kuma ba yaron nasa ranar da zai fita.